Askin Itatuwan Kiwo: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Titiru

Iyayenmu ardo-ardo, dattawan rugage, shugabannin kara, dillalai da fataken shanu, da samari masu bin garke, waɗanda ke nan Titiru da sauran unguwannin Paraku, da waɗanda suka taso tun daga Jugu da ƙauyukan da ke kan hanya, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro gida da dukiya lafiya.

Maganar da muka zo da ita yau ta itace ce, watau yadda ake hawa a saro wa shanu ganye da rani. Wani zai ce me za a gaya wa makiyayi game da saran ganye, alhali tun yana yaro yake yi? Gaskiya ne. Amma dajin da iyayenmu suka yi sara a cikinsa ba shi ne muke ciki yau ba, saboda haka dole a sake duba hannun da ke riƙe da adda.

Kamar yadda kowa ya sani, ruwan ƙasar nan yakan sauka ne daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Da hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, wuta kuma ta bi ta lashe abin da ya saura. Masana kiwo sun auna sun ga busasshiyar ciyawar rani ba ta fi kashi 3 ko 4 cikin 100 na furotin ba, watau sinadarin gina jiki, alhali tumbin saniya yana bukatar kamar kashi 7 kafin ma ya iya narkar da abin da ta ci. Shi ya sa za ka ga saniya ta cika ciki da kara da tsohuwar ciyawa amma tozo yana zubewa, nono yana janyewa. Ganyen kawo da na madobiya kuwa sukan wuce kashi 12. Na madaci bai kai su ba, ga ɗaci, amma yana nan kore a lokacin da sauran suka kaɗe. Ɗan ganyen nan da ake zubo wa garke da maraice shi ne yake tayar da tumbi ya ci moriyar busasshiyar ciyawar da aka yini ana tsinta. Daga Janairu zuwa saukar ruwa, waɗannan itatuwa uku su ne rumbun makiyayi tun daga bakin kogin Okpara har Beteru, har zuwa Jugu da Basila.

To rumbun nan ya ragu, kuma ba makiyayi ne ya fara rage shi ba. Masu injin zarto sun shiga daji sun kwashe manyan madaci da kawo domin katako. Madobiya kuwa, wadda 'yan kasuwar katako ke kira koso, an yi shekaru ana loda gungumenta a jirgin ruwa zuwa ƙasar Sin, har ta kai a 2016, a taron birnin Johannesburg, aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. A 2022, a taron Panama, aka ƙara da madaci da kawo. Ga masu gawayi, ga gonakin auduga da na doya, ga lambunan kanju da suka bazu a ƙasar Cawuru da Paraku da Jugu. A ɗaya gefen kuma tafiyar garke ta ƙuntata. A watan Disamba na 2019 gwamnati ta hana shigowar garkunan ƙetare, a 2021 kuma aka kafa ofishi na musamman domin zaunar da makiyaya wuri guda. Ko mutum ya yarda da wannan tsari ko bai yarda ba, lissafinsa a kan itace a fili yake. A da garke kan sari ganye a wuri bana, baɗi yana wata ƙasa, itacen ya huta ba tare da wani ya shirya masa hutun ba. Yanzu ruga ɗaya ce, itatuwan da ke kewaye da ita su ne dai na bara, su ne na bana, su ne kuma na baɗi.

Akwai wani masani ɗan ƙasar nan, Orou Gaoue, wanda ya yi shekaru yana bin madaci a dazuzzukan tsakiya da arewacin Benin, yana auna su yana kuma zama da Fulani masu hawansu. A binciken da ya buga a 2008 tare da Tamara Ticktin, ya nuna cewa inda ake yawan sara da ɓare ɓawo, madaci yakan rage 'ya'ya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Madaci yana fure ne da rani a ƙarshen rassa, 'ya'yan kuma su ɗauki watanni masu yawa kafin su nuna su tsage su saki iri. Itacen da ake aske wa kai ƙwal kowace shekara bai taɓa samun damar kai ɗa ga nuna ba. Yana nan tsaye, yana toho, mai kallo daga nesa ya ce lafiya lau yake, amma kamar saniya ce da ake tatsa ba ta haihuwa. Ku duba ƙarƙashin manyan madacin da ke kusa da rugage, ku ƙirga ƙananan da ke tasowa. A wurare da yawa yatsun hannu ɗaya sun isa.

Abin da ya fi daɗi a aikin wannan masani shi ne ya tarar da maganin a hannun makiyayan da kansu. Dattawa suna da al'adar barin reshen can ƙololuwa ba a taɓa shi, abin da ake kira sopoodu da Fulatanci. Wannan reshe shi ke riƙe da ran itace, shi ke jawo ruwa sama, a kansa kuma ake samun fure. Ba wata hikimar Turawa muka kawo muku ba ke nan, ta iyayenku ce, sai dai yunwar rani da ƙarancin itace sun sa samari da yawa sun daina kiyaye ta.

Yanzu bari mu zo kan aikin kansa, domin a nan ne ake gyarawa ko a ɓata.

Itace ba ya warkewa kamar yadda fatar dabba take warkewa. Idan aka yi masa rauni, naman da ya mutu ya mutu ke nan, abin da yake yi shi ne ya toshe wurin ta ciki, sa'an nan ya naɗo sabon ɓawo daga gefe ya rufe bakin raunin a hankali. Idan kuka duba inda reshe ya fito daga jikin uwa, za ku ga wani ɗan kumburi ya kewaye shi kamar wuyan tulu. A cikin wannan kumburi ne ƙarfin rufe rauni yake. Wanda ya sare reshe daf da jikin uwa har ya shafe kumburin, ya buɗe ƙofa zuwa zuciyar itace. Wanda kuma ya bar dogon guntu kamar turke, guntun zai bushe ya ruɓe, ruɓar ta bi shi ta shiga ciki, gara ta biyo baya. Bayan shekaru sai a ga kogo, wata rana iskar farkon damina ta karya itacen gida biyu. Wurin sara na daidai shi ne gaba kaɗan da kumburin, a ɗan karkace domin kada ruwan sama ya kwanta a kai.

Babban reshe kuwa ba a fara sarar sa daga sama. Idan aka yi haka, kafin adda ta gama cinye shi nauyinsa zai rinjaye shi, ya faɗi ya yago ɓawon uwa kamu ɗaya ko biyu zuwa ƙasa. Irin wannan yaguwa ta fi saran kansa illa, domin ta ƙarƙashin ɓawo ne abinci ke sauka zuwa saiwa. Yadda ake yi shi ne a matsa kamar kamu ɗaya daga jikin uwa, a fara sara ta ƙasan reshen har a ci kamar sulusinsa, sa'an nan a koma ta sama, ɗan gaba da wancan, a sare har ya faɗi. Idan nauyi ya tafi sai a dawo a gyara guntun da ya saura a bakin kumburi. Sara uku ke nan maimakon ɗaya. Mun san mutumin da ke saman itace, rana ta yi ƙasa, shanu suna kuka a gindi, ba ya son dogon aiki. To mafita ita ce a bar manyan rassa gaba ɗaya. Reshen da bai wuce kaurin damtse ba shi ne na sara, ganyensa ya fi taushi, rauninsa ya fi saurin rufewa. Wanda ya kai kaurin cinya ginshiƙi ne, a kansa sababbin rassa za su fito, a kansa kuma mai hawa zai taka baɗi.

Adda ta zama mai kaifi. Dakusasshiyar adda farfasa reshe take yi, ta bar shi kamar bakin tsintsiya, ruwa ya shige. Ba kuma sai an shafa wa raunin kwalta ko baƙin mai ba, masana itace sun daɗe da gano cewa hakan ba ya hana ruɓa, wani lokaci ma danshi yake tarewa a ciki.

Nawa za a ɗiba? Masu kula da lambu a ƙasashen da itace ba abincin dabba ba ne sukan ce kada a wuce rubu'i ko sulusin ganye a shekara. Mu da ke ciyar da garke a watan Maris mun san wannan ma'auni zai yi wuyar riƙewa. Amma tsakanin sulusi da askin ƙwal akwai fili mai yawa. Shawararmu ita ce kada a wuce rabi ko ta halin ƙaƙa, a fara daga rassan ƙasa da na tsakiya, a ɗiba ta kowane gefe domin kada itacen ya rinjayu, a bar ƙololuwa. Ganye shi ne bakin itace, da shi yake cin hasken rana. Wanda aka raba da ganyensa duka, sai ya ciwo bashi daga abin da ya ajiye a saiwa ya yi sabon toho. Shekara ɗaya zai biya, shekara biyu zai biya da ƙyar. Idan abin ya ɗore sai ganye ya riƙa ƙanƙancewa, rassa su riƙa bushewa daga sama.

A nan bari mu ɗan ratse. Akwai wani itacen ado mai suna Lagerstroemia, asalinsa daga ƙasashen Asiya, wanda ake dasawa a ƙofar gidaje da ofisoshi a ƙasashe masu ɗumi saboda furensa ja da fari da shuni-shuni. A kudancin Amurka ya cika tituna, kuma mutane da yawa can sun saba su datse masa kai kowace shekara a wuri ɗaya, har masanansu suna kiran wannan aiki kisan kai. Abin da ke faruwa shi ne wurin datsar ya kumbura ya yi ƙulli kamar dunƙulen hannu, sa'an nan tsirarai sirara su fito da yawa a kai, marasa ƙwari, waɗanda ko nauyin furensu ba sa iya ɗauka. Shawarar da ake ba su ita ce su cire busassun rassa da masu gogar juna da tsiran gindi, su bar itacen da siffarsa. Su kyan gani kawai suke asara. Amma ku tuna da madacin da aka yi shekara biyar ana datse shi a wuri ɗaya, irin wannan ƙulli ne a kansa, irin waɗannan tsirarai ne. Suna manne ne a bayan ɓawo kawai, ba su da tushe a cikin itace. Da yawa daga samarin da ke faɗowa daga itace, irin wannan reshe suka taka suna zaton zai ɗauke su. Wanda duk ya taɓa ɗaukar yaro mai karyayyen baya daga daji zuwa asibiti ya san ba ƙaramar magana muke yi ba.

Sai batun hutu, kuma wannan aikin ardo ne da dattawa, ba na yaro mai adda ba. Mutum ɗaya ba zai iya hutar da itace ba, domin idan ya wuce ya bar shi na bayansa zai hau. Abin da zai yiwu shi ne mutanen ruga su zauna su raba itatuwan da ke kewaye da su kashi uku, na gabas da rafi, na yamma da shi, na bayan tsauni, ko yadda ƙasar wurin ta ba da. Bana a shiga kashi ɗaya, baɗi na biyu, baɗin baɗaɗa na uku. Kowane itace ya sami damina biyu ko uku yana hutawa, kuma itacen da ya huta haka ganyen da zai bayar ya fi na wanda ake bi kowace shekara nesa ba kusa ba. A cikin kowane kashi kuma a ware manyan itatuwa biyu ko uku masu lafiya a ce waɗannan iyaye ne, ba a hawansu ko kaɗan, aikinsu zubar da iri. Ba wanda ke sayar da bijimin garkensa duka ya zauna jiran maruƙa.

Itacen da masu magani suka ɓare wa ɓawo har ya kusa kewayewa, a ƙyale shi, ciwo ɗaya ya ishe shi. Wanda bai kai kaurin jikin mutum ba shi ma a ƙyale shi. Madobiya idan ta kaɗe ganye ta yi furen nan rawaya, a jira ta. Kauci kuwa duk inda aka gan shi a cire, sauƙi ne ga itace, awaki kuma suna so. Bayan shanu sun gama ci, a janye rassan da aka saro nesa da gindi, ko mata su kwashe su yi makamashi, domin idan aka bar su suka bushe a wurin, gobarar daji ta shekara mai zuwa a gindin itacen za ta zauna ta dafa shi.

Ƙananan da ke tasowa su ma suna son hannu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin suka kama wata dabara da ake kira sassaben zamani. Idan kututture ya yi toho goma ko ashirin, maimakon a share duka sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a cire sauran, a ɗan rage musu rassan ƙasa su miƙe. Saiwar tana nan tun da, saboda haka girman yana da sauri. Da wannan aka mayar da itatuwa, musamman gawo, a fili kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, a ƙasar da ruwanta bai kai rabin namu ba. Kututturan madobiya da masu zarto suka bari a dazuzzukanmu da yawansu suna toho. Abin da suke bukata shi ne a rage tohon, a kewaye su da ƙaya har kansu ya wuce bakin saniya. Ƙaramin madaci kuma yana da wata tsutsa da ke huda kan tsironsa, sai ya rabu biyu ko uku. Idan aka ga haka a bar mafi miƙewa, a cire sauran da wuƙa.

Fatake da dillalai, kada ku ce wannan magana ta mutanen daji ce. Sa da ya fito rani da tozonsa da wanda ya fito ana ƙirga haƙarƙarinsa, ku ne kuka fi kowa sanin bambancin kuɗinsu a kara, ko a nan Paraku ko a Kolokonde. Har wa yau ku ne masu sayen damin ganye domin dabbobin da ke jiran mota da ragunan layya. A Bamako ta ƙasar Mali cinikin ganyen madobiya ga masu kiwon tumaki a gida ya yi ƙarfi har itatuwan kusa da gari suka ƙare, masu sara suka koma tafiya mai nisa, dami ya yi tsada. Mai saye yana da baki a wannan harka. Idan yaro ya kawo muku dami kuka ga manyan rassa da yagaggen ɓawo a ciki, ku yi masa magana, ya fi jin ta daga wanda ke ba shi kuɗi.

Saura doka. Dokar daji ta ranar 2 ga Yuli 1993 ta hana kayar da itatuwan da aka ba kariya, da sare rassansu, da raunata su, sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma madaci da kawo da madobiya suna cikin waɗanda aka ba kariyar. Dazuzzukan gwamnati irin su Wari-Maro da na saman kogin Weme, wanda ke tsakanin Paraku da Jugu, suna da nasu ƙa'idodin shiga. Mu a ganinmu dokar da ta haɗa mai zarton da ya kayar da itace da makiyayin da ya ɗebi ganye ya bar shi tsaye tana bukatar gyara, kuma za mu ci gaba da faɗar haka a duk inda aka ba mu dama. Amma da me za mu kafa hujja? Idan wakilanmu suka je ofis suka ce makiyayi ba ya kashe itace, ma'aikaci zai ɗauke su a mota ya kai su bayan ruga. Idan ya tarar da itatuwa a tsaye kamar turakun waya, magana ta ƙare. Idan kuwa ya tarar da ƙololuwa a kan kowane, ga kashi biyu suna hutawa, ga ƙanana an kewaye da ƙaya, to a nan ne za a iya neman yarjejeniya a rubuce, a ce wannan yanki na ruga kaza ne, su ke sara su ke kula. Kaɗanya da ɗorawa da ke cikin gonaki kuwa na masu gona ne, matansu da su suke cin abinci, kada a hau sai an tambaya. Haka nan kurmin tsafin mutanen gari, irin waɗanda ke kewayen Jugu, ko ganyensa ya kai yaya kyau a zagaye shi.

Ranar 1 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar dashen itace a ƙasar nan tun 1985. Yawanci abin da ake rabawa itatuwan katako ne da na inuwa waɗanda saniya ba ta ci. Muna roƙon kowane ardo ya aika tun da wuri ga masu renon dashe ya ce madaci da kawo da madobiya yake so. Wanda zai tara iri da kansa, ya sani irin madaci ba ya jimre ajiya, in ya yi 'yan watanni a ɗaki mai zafi yawancinsa ba zai tsiro ba, saboda haka a shuka shi a leda da zarar an tsinto. Na kawo, baƙin nan mai jar hula, ɓawonsa yana da tauri, a cire hular, a ɗan kankare gefe ɗaya da wuƙa, a jiƙa shi kwana ɗaya kafin a binne. Bayan an tashi daga nan za mu fita bakin hanya da adda da reshe, duk mai son ganin saran nan uku da idonsa ya biyo mu.